Wa Ake Zanawa a Wasannin RPG na Masu Sha'awa?

Wasannin kwamfuta da ake kira RPG su ne waɗanda mai wasa yake shiga rigar wani jarumi, ya yi tafiya da shi daga gari zuwa gari, ya yi hira da mutane, ya yi yaƙi, yana ƙara ƙarfi har labarin ya kai ƙarshe. Asalinsu wasan tebur ne mai suna Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, amma Japan ce ta ba su kamannin da aka fi sani, ta hanyar Dragon Quest na 1986 da Final Fantasy na 1987. A gefen manyan kamfanoni akwai ɗimbin mutanen da ke ƙirƙirar irin waɗannan wasanni a ɗakunansu don sha'awa kawai, kuma a wurinsu ne tambayar wane irin mutum za a zana ta fi yin nauyi, domin mutum ɗaya ne marubuci, shi ne mai tsara wasan, sau da yawa kuma bai iya zane ba.

Manhajar da ta buɗe musu ƙofa ita ce RPG Maker, wadda kamfanin ASCII na Japan ya fara fitarwa a 1992, aka ci gaba da sabunta ta har zuwa MV a 2015 da MZ a 2020. Da ita aka yi Yume Nikki na Kikiyama a 2004, da ita kuma Kan Gao ya yi To the Moon a 2011, wasan da ya samu karɓuwa a duniya. Abin da ya sa ta yi farin jini shi ne tana zuwa da kayan aiki shiryayyu, wato zanen gidaje da dazuzzuka da dodanni da mutane, ta yadda wanda bai taɓa zana komai ba zai iya haɗa gari guda cikin yini. Sai dai waɗannan mutanen shiryayyu an zana su ne bisa salon zanen Japan da ke kwaikwayon Turai ta zamanin sarakuna da mayaƙa masu sulke, saboda haka mafi yawansu fararen fata ne masu santsin gashi, irin Harold, jarumin da MV take ɗora wa duk wanda ya buɗe sabon aiki. Abin da aka samu a shirye shi ake amfani da shi, har dubban wasanni suka fito da fuskoki iri ɗaya ba tare da masu su sun yi niyyar ware kowa ba.

Wanda ya so kauce wa wannan sai ya yi karo da ƙanƙantar zanen. A MV da MZ, ana zana mutum cikin fili mai fiksel 48 a tsaye da 48 a kwance, fiksel kuwa shi ne ɗigo mafi ƙanƙanta da allon kwamfuta ke iya nunawa. Kowane mutum yana buƙatar zane 12, wato taku uku a kowace fuska ta gabas da yamma da kudu da arewa, ban da hoton fuskarsa na lokacin hira da siffarsa ta fagen yaƙi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki farin jarumi a duhunta launin fatarsa, amma sakamakon ba ya yin kyau, domin layin da ya zagaye fuska mai duhu ne, idan fatar ta yi duhu sai layin ya ɓace a cikinta, hanci da baki su nutse, inuwar kuma ta koma toka-toka. Mai zanen da ya san aikinsa yakan sake zaɓen launuka uku ko huɗu na fatar daga tushe, ya karkata inuwa zuwa ja ko shuɗi, ya sa haske a goshi da kumatu inda baƙar fata ke sheƙi.

Gashi da tufafi sun fi fata wuya, domin su ne ke sauya siffar mutum daga nesa. Kitso yana bin fatar kai layi-layi, babbar riga tana buɗewa a kafaɗa ta sauko har gwiwa, rawani yana ƙara tsawon kai, kuma babu ɗaya daga cikinsu da sauya launi zai samar, sai an zana shi sau 12. Haka nan tsoho mai sanda, da mace mai jiki, da mai keken guragu, kowannensu yana buƙatar tafiyarsa dabam. Ƙarancin gashin baƙar fata a wasanni ne ya sa A.M. Darke, malama a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, ta kafa Open Source Afro Hair Library, taskar da masu zane baƙaƙe ke ajiye salon gashi kyauta don kowa ya ɗauka.

Bayan zane akwai matsalar ilimi. Mai ƙirƙirar wasan da ya san wata al'umma daga fim kawai yakan mayar da mutanenta 'yan fashin hamada ko bokaye, ko ya cakuɗa kayan ƙabilu goma a jikin mutum ɗaya, wanda hakan ya fi rashin sa su muni. Misalin da ya bi wata hanya shi ne Aurion: Legacy of the Kori-Odan, wanda Olivier Madiba na Kamaru ya fara a matsayin aikin sha'awa, daga baya kamfaninsa Kiro'o Games na Yawunde ya fitar da shi a 2016, da jarumansa Enzo da Erine cikin sutura da kwalliyar da masu zanen suka tashi suna gani.

Saboda haka gyaran yana hannun ɓangarori biyu. Kamfanonin manhaja su faɗaɗa kayan da suke bayarwa a shirye, tun da su ne ke yanke wanda zai bayyana a wasan mai koyo, masu zane kuma da suka san kitso da rawani da zani daga gida su zana su, su ajiye a taskokin kyauta irin OpenGameArt, inda mai ƙirƙira a ko'ina zai same su ya gina labarinsa da mutanen da suka yi kama da masu wasan.