Gadon Iri da Fitowar Tsiron Alkama

Malaman gona a wuraren noman rani irin su Kadawa da Haɗeja da Bakolori sun saba jin kuka ɗaya daga manoman alkama: an shuka iri mai kyau, an ba da ruwa, amma gona ta fito da giɓi-giɓi. Akan ɗora laifin a kan tsuntsaye ko tsufan iri, kuma wani lokaci hakan ne. Sai dai sau da yawa irin ya tsira lafiya a ƙarƙashin ƙasa, fitowa ce ta gagare shi, kuma dalilin yana cikin halin da ya gada.

Yadda tsiro ke fitowa

Idan ƙwayar alkama ta sha ruwa, saiwa ke fara fita. Daga nan sai wani farin kube mai tsini ya miƙe sama, ganyen farko yana naɗe a cikinsa. Aikin wannan kube shi ne ya huda ƙasa. Yana da iyakar tsawon da ba ya wucewa, kuma da ya kai ta sai ganye ya fasa bakinsa ya fito. In wannan ya faru a sarari, shi ke nan. In kuwa saura ƙasa a kansa, ganyen ba shi da ƙarfin hudawa: sai ya lanƙwashe, ya yi ɗorawa, ya mutu ba a gan shi ba. Wanda ya tona giɓi kwana goma bayan ban-ruwan farko zai iya tarar da irin waɗannan ganyaye a nannaɗe.

Abin da aka gada daga Norin 10

Alkamar da ake nomawa a da doguwa ce, kubenta ma dogo ne, amma da an ba ta taki sosai sai ta kwanta. A 1935 aka fitar da wata gajeruwar alkama a Japan mai suna Norin 10. Ta bi ta Amurka ta isa hannun Norman Borlaug a Meziko, wanda ya haɗa ta da irin can. Daga wannan aiki aka sami gajerun iri masu ɗaukar taki, kamar Siete Cerros ta 1966, daga baya kuma Seri M82, waɗanda manomanmu suka sani.

Gajartar ta fito ne daga ƙwayoyin gado biyu da masana ke kira Rht-B1b da Rht-D1b. Suna hana shuka amsa wani sinadari da take yi a jikinta, mai suna jibarilin, wanda ke miƙar da gaɓoɓi. To, irin wannan ƙwayar gado ba a kara kaɗai take aiki ba. Yadda ta gajarta kara, haka ta gajarta kube, har da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Riba ta fi hasara nesa ba kusa ba, domin da dogon iri ba a kai ga yawan amfanin da ake samu yanzu. Amma gajeren iri ba ya yafe zurfin shuka kamar yadda na da yake yafewa.

Zafin ƙasa yana ƙara rage tsawon kube. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, sa'ad da hunturu ya kama. A ƙasar Lafia, kamar Ashige, sanyin bai kai na Kano ƙarfi ko daɗewa ba, don haka mai son gwada alkama a can ya fi kowa bukatar kula da zurfi.

Aikin masu inganta iri

Tsawon kube hali ne da ke bin gado sosai, kuma awonsa ba shi da wuya: ana tsirar da iri cikin jiƙaƙƙiyar takarda a wuri mai duhu, sannan a auna. Akwai kuma wasu ƙwayoyin gado masu gajarta kara ba tare da sun taɓa kube sosai ba. Rht8 tana cikinsu. Ta fito daga irin Akakomugi na Japan, wanda Nazareno Strampelli ya yi amfani da shi a Italiya. Masu bincike a Ostireliya sun daɗe suna aiki da ita da Rht18, saboda manomansu na son shuka da zurfi su riski danshi. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke da alhakin inganta irin alkama.

Abin da ke hannun manomi

A nomanmu na ban-ruwa babu dalilin bin danshi zuwa ƙasa, tun da ruwa daga sama yake zuwa. A shuka a zurfin santimita 3 zuwa 5, kuma a ƙasa mai laka a tsaya kusa da 3. Yafa iri a bi da haro yana binne wani a fili, wani a zurfin da ba zai fito ba. Shuka a layi ta fi. A bushe iri a cire ƙananan ƙwayoyi da motsattsu, domin abincin da tsiro ke rayuwa da shi kafin ya ga rana yana cikin ƙwayar. Idan ƙasa ta yi ɓawo bayan ruwan farko, a ba da ruwa kaɗan don ta yi laushi.

Kafin shuka, a ƙirga ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen buhun algarara, a duba bayan mako guda. In sun tsira da kyau a buhu amma gona ta yi giɓi, malamin gona ya tona ya auna zurfin da aka binne su.