Ɗaga Ƙarfe da Cin Abinci: Me Ke Gina Ƙwanji?

Duk wanda ya bi lungunan Nima ko Mamobi a Akra, ko Aboabo a Kumasi, da sanyin safiya ko bayan la'asar, zai ga samari sun taru suna ɗaga ƙarfe. Wasu na da kayan zamani, wasu kuwa tsofaffin ƙarafan mota ne da siminti da aka zuba a gwangwani. A irin waɗannan wurare akwai wata magana da ta zama kamar doka: wai in mutum ya ajiye ƙarfe bai sha garin furotin cikin rabin awa ba, to wahalar banza ya sha. Saboda haka sai ka ga yaro mai koyon kanikanci ya tara kuɗin mako biyu ya sayi gwangwani ɗaya na garin da aka shigo da shi daga Turai ko Amurka. Shin maganar gaskiya ce?

Da farko dai, ƙarfe shi ke ba tsoka umarnin girma, abinci kuma shi ke kawo kayan gini. Idan mutum ya ɗaga nauyi, jiki kan shiga gyaran zaren tsoka yana ƙara masa kauri, kuma wannan aiki yakan ci gaba har kwana ɗaya zuwa biyu. Furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama, kifi, ƙwai, nono da wake, shi ne tubalin. Tubali ba magini ba ya zama ɗaki, haka ma magini ba tubali.

To nawa ake bukata a zama ɗaya? A shekarar 2009, masu bincike a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada sun ba samari furotin na ƙwai bayan sun motsa ƙafafu da nauyi, wani lokaci giram 5, wani lokaci 10, 20 ko 40. Suka ga ginin tsoka yana ƙaruwa har zuwa giram 20, daga nan ƙarin bai taka kara ya karya ba. A 2016 kuma, wani bincike a Jami'ar Stirling ta Sikotilan ya nuna cewa in an motsa jiki gaba ɗaya, giram 40 ya ɗan fi 20. Ke nan tsakanin 20 da 40 ya wadatar.

Batun rabin awa kuwa, a 2013 wasu masana uku, Schoenfeld, Aragon da Krieger, sun tattara binciken da aka yi a kan lokacin cin furotin. Abin da suka gano shi ne, waɗanda suka fi samun tsoka ba don sun yi sauri ba ne, sai don jimillar furotin da suka ci a yini ta fi yawa. Wanda ya ci abinci mai kyau awa biyu kafin ya ɗaga ƙarfe, ba shi da dalilin gudu. Wanda ya fito da asuba cikinsa babu komai, shi ne ya kamata ya karya ba tare da ɓata lokaci ba.

Har ila yau, a 2018 an haɗa sakamakon bincike 49 da ya shafi mutum sama da 1,800. Aka ga amfanin ƙarin furotin yana tsayawa a wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, wato ninki biyu na giram 0.8 da ake cewa ya ishi mai zaman lafiya. Mai kilo 70 ke nan yana neman kusan giram 112 a yini, a raba shi gida uku ko huɗu.

Mai karatu, duba abin da ke bakin titinmu. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Kofin nono na da kusan 8. Kofin dafaffen wake ya haura 12. Gwangwanin kifin sadin na da kusan 20, tsokar nama kamar tafin hannu kuma wajen 25. Ga gyaɗa da ƙuliƙuli, ga awara, ga wagashi, ga busasshen kifi. Shinkafa da wake da ake kira waakye, sunan da ya samo asali daga bakin Hausawa, haɗi ne mai hikima, domin abin da hatsi ya rasa wake na da shi, abin da wake ya gaza hatsi na cikewa. A ɗora kifi da ƙwai a kai, an gama magana.

Sai gargaɗi guda uku. Masu shan ɗanyen ƙwai su sani wani bincike a Beljiyam a 1998 ya nuna hanji na ɗaukar kusan kashi 91 cikin 100 na furotin dafaffen ƙwai, ɗanye kuwa kusan kashi 51, ga kuma haɗarin ciwon ciki. Na biyu, ba kowane gwangwani ne abin yarda ba: wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya duba kayan ƙarin kuzari 634, rahoton da ya fito a 2004 ya ce kusan kashi 15 cikin 100 na ɗauke da sinadaran ƙara ƙarfi da ba a rubuta a jikinsu ba. Na uku, mai ciwon ƙoda ya ga likita kafin ya ƙara furotin.

Garin furotin na gaskiya ba guba ba ne, akasari daga ruwan madara ake yin sa, kuma yana sauƙaƙa wa mai hali. Amma saurayin da aljihunsa ba nauyi gara ya raba kuɗinsa ga ƙwai, wake da kifi, ya riƙa ƙara nauyin ƙarfe sannu a hankali, ya kuma samu barcin awa bakwai zuwa takwas. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.