Shuɗin Fir'aunoni da ke haske a ɓoye

A shekarar 2009, a gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan, wani masani mai suna Giovanni Verri ya sa aka kashe fitilu, ya haska wani tsohon gunkin dutse da jar fitila, ya saita kyamarar da ke ganin hasken da idon mutum ba ya gani. Gunkin na Iris ne, wadda Girkawan dā suka ɗauka 'yar aiken allolinsu ce, ɗaya daga cikin sassaƙe-sassaƙen da aka kwaso daga ginin Fatenon na birnin Atina. Kusan shekara ɗari biyu masana suna dubansa, ba su ga komai ba sai farin dutse. Da hoton ya fito, sai ga ɗamararta tana ƙyalli kamar an watsa mata garwashi.

Abin da ya ba da hasken nan burbushin fenti ne, shuɗin Masar, launi mafi tsufa da aka san ɗan Adam ya haɗa da hannunsa. Misirawa sun fi shekara 4,500 da ƙwarewa a kansa. Shuɗin dutse mai daraja sai an ɗauko shi tun daga duwatsun Afganistan, ga tsada, sai suka ce bari su dafa nasu. Yashi, farar ƙasa, jan ƙarfe da ɗan gishirin tafki, ɗan'uwan kanwar da muke jefawa a miyar kuka, a cuɗa, a gasa a wuta mai zafin digiri 850 zuwa 1,000. Kowa ya taɓa ganin hoton kan sarauniya Nefertiti da doguwar hularta, to shuɗin hular shi ne wannan. Rumawa sun gaje shi, har magininsu Vitruvius ya rubuta yadda ake mulmula haɗin curi-curi a zuba a tukunyar ƙasa a sa a wuta. Bayan daularsu ta faɗi, sana'ar ta yi ta dusashewa har aka manta da ita.

Sirrin hasken yana cikin jan ƙarfen. Ƙwayoyinsa na zaune a jere cikin shimfiɗun yashin da ya gasu, suna shanye jan haske, shi ya sa ido ke ganin shuɗi. Amma ba sa riƙe abin da suka sha, sukan mayar da wani kaso a matsayin hasken infared, mai tsawon zango kusan nanomita 910. Ka ɗauki rimot ɗin talabijin, ka auna kyamarar waya da shi ka danna: za ka ga ɗigon haske a waya, idonka kuwa bai ga komai ba. Irin wannan hasken ne. Masu fentin Fir'auna sun yi ta shafa shi a bangon kaburbura ba su san yana yi ba, kuma ba yadda za a yi su sani.

Ni dai abin da ya fi ɗaure mini kai ya faru ne a 2013, a Jami'ar Jojiya ta Amurka. Fentin da ya jure dubban shekaru, sai ga Tina Salguero da abokan aikinta sun nuna ruwan zafi kaɗai ya ishe shi. Suka yi ta juya garin cikin ruwa mai zafin digiri 80 na kwanaki, sai ya ɗaɗɗaye falle-falle, siraran da sai an jera dubbai kafin su kai kaurin gashi guda. Duk da haka hasken bai mutu ba. Har tawada suka yi da shi, suka buga da na'urar buga takarda.

Daga nan kowa ya miƙo hannu. A 2016 masana a Jami'ar Curtin ta Ostireliya suka niƙa shi luƙui, suka barbaɗa don fito da shatin yatsa a kan abubuwa masu zane-zane, inda hodar 'yan sanda ta yau da kullum ke ɓacewa cikin launuka. Masu binciken lafiya kuma abin ya yi musu daɗi, domin infared ya fi hasken da muke gani ratsa tsoka. A 2020, a birnin Gotingen na Jamus, ayarin Sebastian Kruss ya tura 'yan fallayen nan cikin ƙwan wani ɗan ƙuda mai bin 'ya'yan itace, suka zauna suna bin motsinsu da kyamara.