Wa Zai Yi Magana da Yawun Masu Gudun Hijira a Zamfara?

Tun wajen 2011, lokacin da satar shanu ta rikiɗe ta koma kisa da garkuwa da mutane, dubban iyalai a Zamfara suka baro gonakinsu suka kwararo garuruwan bakin kwalta. A Afrilun 2023 an kwashe mutane kusan 80, galibinsu yara da mata, a yankin Wanzamai ta ƙaramar hukumar Tsafe, sun fita neman itace. A Satumbar shekarar aka shiga Sabon Gida ta Bunguɗu aka ɗauke ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Bayan kowane irin wannan hari, wasu gidajen sukan ɗaure kaya su bar gari, ba tare da wani ya rubuta sunansu ba.

Mafi yawan waɗannan bayin Allah ba sa cikin wani sansani na hukuma. Suna raɓe a kangaye, da azuzuwan firamare, da zaurukan dangi. Mutanen gari ne ke ɗauke da su: maƙwabciya ta miƙa tuwo, limami ya yi shelar taimako bayan sallar Juma'a, mai unguwa ya roƙi mai kango ya ƙara haƙuri. Wannan karamci abin yabo ne, amma kwanon tuwo ba ya yi wa jariri rigakafi, ba ya karɓar haihuwa idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare.

Ta fuskar lafiya abin ya fi tsanani. Inda mutum ashirin ke kwana a ɗaki ɗaya, ba masai, ba ruwa mai tsabta, amai da gudawa da ƙyanda ba sa neman izini. Manomin da aka raba da gonarsa kuma ba shi da abin ba yaro, sai tamowa ta shigo. Yaro mai tamowa kuwa garkuwar jikinsa ta yi rauni, zazzaɓin cizon sauro kaɗai ya isa ya tafi da shi. Gwajin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da ma'aikatar lafiya a Shinkafi da Zurmi a Yunin 2024 ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu na fama da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ga kuma matan da aka yi wa fyaɗe a daji, waɗanda kunya da tsoron gori suka rufe wa baki, alhali maganin kare su daga ƙwayar HIV yana aiki ne kawai idan an fara shi cikin awa 72.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kula da mai gudun hijira ba alfarma ba ce. Najeriya ta rattaba hannu kan Yarjejeniyar Kampala ta 2009, ta kuma amince da ita a 2012, wadda ta ɗora wa gwamnati nauyin kare wanda rikici ya kora a cikin ƙasarsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti korar majinyacin gaggawa, ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Sai dai doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai ta ofis. Kuma shekara da shekaru shirin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya ya fi karkata ga Borno, Adamawa da Yobe.

Akwai darasi daga nesa. Garifuna al'umma ce mai tsatson Afirka da Turawan Ingila suka kora daga tsibirin Saint Vincent a 1797 zuwa gaɓar Honduras. Da gobara ta kashe mutum 87 a wani gidan rawa a birnin New York a 1990, da yawansu 'yan ci-ranin Garifuna, sai suka gane hukuma ba ta ma san da su ba, suka ƙarfafa ƙungiyoyinsu. A gida kuma ƙungiyarsu OFRANEH ta kai gwamnatin Honduras kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka, ta yi nasara a 2015 kan batun filayensu.

A ganina abin da ya rage mana ke nan: mu haɗa sadaka da neman haƙƙi. Kowace unguwa a Gusau, Tsafe da Bunguɗu tana iya buɗe littafi ta rubuta baƙinta, masu ciki nawa, yara nawa ba a yi wa rigakafi ba, daga wane ƙauye. Da wannan littafi ƙungiyoyin ci gaban gari, da na mata irin su FOMWAN, da lauyoyi za su tunkari hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da 'yan majalisa da hujja a hannu. Kuma a zaunar da masu gudun hijirar a gaba, musamman mata, su faɗi damuwarsu da bakinsu.

Masu unguwanni da limamai, ku kuka san inda mutanen nan suke kwana. Ku fara rubuta sunayensu tun wannan makon.