Shayi a ƙofar gidan wasan Prithvi

Duk Bahaushen da ya taso da kallon fina-finan Indiya ya san 'ya'yan gidan Kapoor: Raj da Shammi da Shashi. Mahaifinsu, Prithviraj Kapoor, shi ne ya fito a Sarki Akbar cikin Mughal-e-Azam na 1960, amma ransa ya fi karkata ga wasan dandali. A 1944 ya kafa ƙungiyar Prithvi Theatres, suka shafe shekara 16 suna bin garuruwan Indiya, kuɗin da ya samo a fim yana zuba mata. Ya rasu a 1972 bai cika burinsa na gina wa wasan matsuguni ba.

Autansa Shashi da matarsa Jennifer Kendal, wadda ita ma 'yar gidan masu wasa ce daga Ingila, su suka cika wannan buri. A watan Nuwamba na 1978 aka buɗe gidan wasan Prithvi a unguwar Juhu ta birnin Bombay, wato Mumbai ta yau. Zauren ƙarami ne, mutum wajen 200 yake ci, 'yan kallo sun kewaye dandalin ta fuska uku, har ko raɗa ɗan wasa ya yi na baya zai ji. Wanda ya makara kuwa ba a buɗe masa ƙofa.

Ni dai farfajiyar gidan ta fi jan hankalina. A nan aka shirya wurin shan shayi a fili, ƙarƙashin bishiyoyi, ga fitilu rataye, ga ɗan shagon littattafai a gefe. Ba sai ka yanki tikiti za ka zauna ba. Shayin da ya yi suna a wurin shi ne Sulaimani, baƙi, ba madara, da ɗan lemon tsami. Matashin da ya baro garinsu don neman sa'a a harkar wasa zai sayi kofi guda ya yi ta zama, yana haddar layukansa, a teburin kusa da shi kuma marubuci da darakta na ja-in-ja kan wani rubutu. In an tashi daga wasa, 'yan wasan kan fito su gauraya da masu kallo, a faɗa musu inda suka burge da inda suka gaza ido da ido. Wanda ya san majalisar teburin mai shayi a Kano ko Zinder ya san yadda shawara ke nuna a irin wannan zama. A birni mai tsadar haya kamar Mumbai, samun inda mai ƙaramin ƙarfi zai zauna da abokan sana'a ba tare da an kore shi ba babban gata ne.

Ɗan wasa Naseeruddin Shah da ƙungiyarsa ta Motley, wadda aka kafa a 1979, suna cikin waɗanda suka ɗauki gidan tamkar nasu. Hirar kuma ta wuce wasa kaɗai: tun 2009 masana daga cibiyar binciken kimiyya ta Tata ke zuwa su tattauna da jama'a a wani zama mai suna Chai and Why.

Akwai masu ƙorafin cewa farin jinin wurin ya yi yawa, wasu na zuwa su ci abinci su ɗauki hoto su tafi ba su taɓa leƙa zauren ba. Ƙorafin na da tushe, domin ranar da ɗan wasa ya rasa kujera saboda masu yawon buɗe ido, an yi asara. Duk da haka ban ga laifin barin ƙofar a buɗe ba. Wanda ya saba zuwa shan shayi yana ganin fastocin wasannin mako a bango, yana jin ƙararrawar shiga, kuma ɗakin sayar da tikiti na nan taku kaɗan daga teburinsa.