Ɗakin Karatu da Ƙirƙirarriyar Basira: Misali Daga Bolanci

1.0 Gabatarwa

Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, ɗalibai da manazarta suka koma yi wa na'ura tambayoyin da a da ɗakin karatu ake kai wa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana irin jagorar da ta wajaba a kan ɗakunan karatu na manyan makarantu dangane da wannan ƙirƙirarriyar basira. Za a kafa misali da Bolanci, harshen ƙasar Fika.

2.0 Tushen Matsalar

Irin wannan na'ura hasashen kalmar da za ta biyo baya take yi, bisa rubuce-rubucen da aka horar da ita da su. Saboda haka ƙwarewarta a kowane harshe ta danganta ne ga yawan abin da aka rubuta a cikinsa. Hausa ta shiga Google Translate a 2013, Barbarci da Fulatanci kuma a 2024, amma rubutaccen Bolanci kaɗan ne ƙwarai. Idan na'urar ta rasa amsa, takan ƙago kalma, ko ta cusa ta Hausa, ko ta ambaci littafin da ba a taɓa wallafawa ba. Sannan a Bolanci karin sauti da tsawon wasali suna bambanta ma'ana, rubutun yau da kullum kuwa ba ya nuna su.

3.0 Aikin Ɗakin Karatu

Na farko, koya wa ɗalibi tantancewa. Duk kalmar da na'ura ta bayar a gwada ta da ƙamusu, kamar na Bolanci da Ingilishi da Hausa wanda aikin Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba ya samar a Potiskum a 2004, sannan a tuntuɓi masu harshen.

Na biyu, koyar da amanar ilimi. Manazarci ya bayyana inda ya yi amfani da na'ura, domin alhakin kuskure a wuyansa yake.

Na uku, adanawa. Ɗakin karatu irin na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum shi ya fi dacewa ya tattara kundayen ɗalibai da faifan maganganun Bolanci da Ngizimanci da Karekare.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa haɗarin yana ga nazarin harshe kansa. Kalmar ƙarya in ta shiga kundin digiri, gobe ita za a kafa hujja da ita, har a horar da wata na'urar a kanta. Ma'aikacin ɗakin karatu shi ne mai tare wannan ɓaraka tun daga tushe.