Ƙofar da ke tsare ruwa cikin kanal

Ƴan uwa manoman Matankari, ku da kuka saba da guga da rijiya cikin Dallol Mauri, ku ji yadda ake ban ruwa a Birnin Ƙonni. Can ana tare ruwan damina a baraji biyu, Mozage da Zango. Babban kanal yana kai shi tabkin Cerasa, daga nan ƙanana su raba shi ga gonaki. Ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, tana taimakon manoma wajen wannan aiki.

Ruwa gangare yake bi, sai an tsare shi. Ƙofar farantin ƙarfe ce. In an sauke ta, ruwa ya taru bayanta, ya hau, ya shiga gonar da ke tudu. In an ɗaga, ya wuce gaba. Da wannan dabara aka gina wa jiragen ruwa hanya a barajin Kainji na Najeriya a 1968: jirgi ya shiga tsakanin ƙofa biyu, a rufe, a cika wurin, ruwa ya ɗaga shi.

Wahalar tana ga mai gonar ƙarshen kanal. In wani ya ɗaga ƙofarsa da dare, ba ranar rabonsa ba, albasar wancan ce za ta kwana da ƙishi.